Babi na Biyu: Tasa, Ruwa da Izini

A can ƙuryar arewacin Finlan, inda rana ke ƙin faɗuwa a tsakiyar lokacin zafinsu, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Tankavaara. A nan aka yi gasar wankin zinare ta duniya karo na farko a 1977, kuma har yau ana yin ta, tana zagaya ƙasashe. Ana ba kowane ɗan takara bokiti cike da rairayi, an ɓoye 'yan ƙwayoyin zinare a ciki, tsakanin biyar zuwa goma sha biyu, ba a gaya masa ko nawa ne. Sai ya shiga ruwa da tasarsa ya wanke, ya tsince abin da ya gani ya zuba a ƙaramar kwalba. Kowace ƙwaya ya zubar, a ƙara masa mintuna a kan lokacinsa. Gwanaye kan gama bokitin kafin ɗan kallo ya gyara zama. Abin da mutum zai tashi da shi a kwalbar ba zai biya masa ko kuɗin abincin rana ba, amma mutane na biyan kuɗin jirgi daga wata uwa duniya domin su halarta.

Bahaushe zai ji wannan banbaraƙwai, kuma da gaskiyarsa. A wajenmu in aka ce zinare, abin da ke zuwa zuciya shi ne ramukan Anka da Bukkuyum, ko samarin da suka yi tururuwa zuwa Djado a arewacin Nijar daga 2014, wasu suka dawo da mota, wasu ba su dawo ba. Neman abinci ne, da gumi da kasada. A Amurka da Kanada da Ostiraliya da Niyu Zilan da wasu ƙasashen Turai kuwa, bayan manyan kamfanoni, akwai wani rukuni na mutane da ke fita bakin kogi ranar hutu, da mata da yara, su yini suna wanke rairayi don nishaɗi kawai. Malamin makaranta ne, direba ne, tsoho ne mai cin fansho. Aikin waɗannan mutane nake so in bayyana, domin shi ne matakin farko na duk wani ilimin neman zinare, kuma mai karatu da ke zaune a waɗancan ƙasashe yana iya gwadawa a hutun mako mai zuwa.

Gara a fara da maganar kuɗi a kawar da ita. A 2025 farashin oza ɗaya, wato giram 31.1, ya haura dala 3,000. Giram ɗaya ya kama kusan dala 100 ke nan a lokacin. Sai dai sabon shiga da ya yini a wurin da aka buɗe wa jama'a, in ya tashi da kashi ɗaya cikin goma na giram, ya yi sa'a, kuma sau da yawa abin da zai gani 'yan ɗigo ne da sai ya kanne ido. A cire kuɗin mai da na abinci, a ga abin da ya rage. Ko a zamanin da kogunan ke cike, ba kowa ya samu ba. James Marshall, kafintan da ya tsinci zinare a magudanar injin yankan katako na John Sutter a Coloma ranar 24 ga Janairu, 1848, shi ya jawo mutum wajen 300,000 suka kwarara Kalifoniya, amma ya mutu a 1885 cikin talauci. Wanda ya fara kuɗancewa a lokacin shi ne Samuel Brannan, ɗan kasuwar da ya saye tasoshi da shebur da diga ya riƙa sayar wa masu zuwa da tsada. Har gobe masu sayar da kayan aiki sun fi masu wankin tabbacin riba, don haka in ka shiga kanti aka fara nuna maka injuna, ka riƙe aljihunka.

Dukan sana'ar ta tsaya a kan abu ɗaya, nauyi. Kwalbar da ke cin litar ruwa, nauyin ruwanta kilo ɗaya ne. Da za a cika ta da zinare zalla, sai ta kai kilo 19.3. Farin dutsen da akasarin rairayi ke fitowa daga gare shi bai wuce 2.65 ba a wannan ma'auni, baƙin rairayi mai ƙarfe kuma yana wajen 5. Ashe zinare ya ninka rairayi nauyi sau bakwai. Saboda haka duk inda ruwa ya motsa ƙasa, zinare ne ke fara sauka, kuma shi ke nutsewa can ƙasa da kowa. Duk wadda ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta riga ta san aikin nan a hannunta: a jijjiga a ruwa, mai nauyi ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali. Bambancin kawai, mai rege tana zubar da abin da ya kwanta a gindin ƙwarya, mai wankin zinare kuwa shi ya zo nema.

Kayan aikin ba su da yawa. Tasa ta roba mai faɗin kamar santimita 35, koriya ko baƙa ko shuɗiya, domin launin zinare ya fito sosai a kanta. Ta zamani tana da 'yan tudu-tudu a jere a gefe ɗaya daga ciki, masu tare abu mai nauyi kada ya zame. Na fi son ta roba a kan ta ƙarfe ga mai koyo: ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma mayen ƙarfe ba ya manne mata. Sai rariya mai manyan idanu da za ta zauna a bakin bokiti ta tare tsakuwa, ƙaramin shebur, tsohon cokali da sukundireba na sakace tsagar dutse, mayen ƙarfe, 'yar kwalbar roba mai tsinin baki da ake matsawa a zuƙe ƙwayoyi da ita, da ƙaramar kwalbar ajiya mai murfi. A ƙara da takalmin roba, domin kogunan waɗancan ƙasashe daga ƙanƙarar duwatsu suke gangarowa, sanyinsu na shiga ƙashi. Sabuwar tasa tana zuwa da maiƙon masana'anta, sai an wanke ta da sabulu an goge cikinta da rairayi. Maiƙo abokin gābar mai wanki ne, domin yana sa siririn zinare ya taso saman ruwa ya tafi, ko da maiƙon man shafawar hannunka ne.

Ga yadda wankin yake. A tace ƙasa da rariya, a zuba a tasa kada ta cika, kashi uku cikin huɗu ya isa. A nemi wurin da ruwa ke tafiya a hankali, mai zurfin da zai rufe tasa, a zauna a kan dutse ko a kife bokiti, domin mai yin aikin nan a sunkuye ba zai kai la'asar ba. A nutsar da tasar gaba ɗaya, a sa yatsu a dame ƙasar har ko'ina ya jiƙe, a murje duk wani curin yumɓu. Wannan murjewa ba abin wasa ba ce: yumɓu yana haɗiye ƙwayar zinare ya mirgina da ita waje. Daga nan a riƙe tasar da hannu biyu a ƙarƙashin ruwa, a jijjiga ta dama da hagu da ƙarfi har ƙasar ta yi ruwa-ruwa tana motsi duka. A wannan lokaci ne mai nauyi ke sauka. Sai a ɗan karkata ta gaba, ɓangaren tudun nan yana fuskantar waje, a riƙa tsoma bakinta ana ɗagowa, ruwa yana ɗauke na sama kaɗan-kaɗan. Bayan tsomawa uku ko huɗu a daidaita ta, a sake jijjigawa, a sake karkatawa. Haka za a yi ta yi.

Kuskuren masu koyo iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna. Wani yana tsoron zubar da zinare har ya shafe rabin sa'a a kan tasa ɗaya, yana tsintar tsakuwa ɗaya-ɗaya. Wani kuma yana juya ƙasar kamar mai dama kunu, bai bar komai ya kwanta ba, ya watsar. Na farkon ya fi yawa. In dai an jijjiga da kyau, zinare yana can ƙasa, rairayin sama ba shi da komai, a bar shi ya tafi ba tare da waiwaye ba. Inda ake rage gudu shi ne ƙarshe, lokacin da ya rage kamar cokali biyu ko uku, yawancinsa baƙi. A fito da tasar daga kogi da ɗan ruwa a ciki, a tara abin a gefe ɗaya, a ɗan bubbuga bakin tasar, sannan a juya ruwan a hankali ya riƙa share baƙin rairayin yana baje shi. In akwai rabo, a nan zai bayyana, a saman layin, rawaya, ya ƙi motsi alhali komai na motsi. Baƙin rairayin da ya rage kada a zubar. A tara shi a roba a kai gida, a shanya, a sa mayen ƙarfe cikin leda a ɗauke mai ƙarfen, a sake wanke sauran a natse.

Kafin ka je kogi, koyi aikin a tsakar gida. Cika babban baho da ruwa, ɗebo rairayin gini, ƙirga ƙwayoyin boris na keke guda goma ko gutsattsarin wayar tagulla, ka cakuɗa su a ciki, ka wanke. Ƙarfe bai kai rabin nauyin zinare ba, tagulla ma haka. Ranar da ka iya dawo da gomanka cif sau da yawa a jere, hannunka ya faɗa, zinare ba zai kuɓuce maka ba. Littattafan Turawa kan ce a yi gwajin da ƙwayoyin dalma, ni ban ba da wannan shawara ba a gidan da yara ke wasa a ƙasa.

Wanki kwana kaɗan ake koyonsa. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda za a ɗebi ƙasar, kuma a nan ne ake gane tsohon hannu. Doka ta farko: a je inda aka taɓa samu. Ba kowane kogi ke da zinare ba, kuma mutanen ƙarni na 19 ba su bar wani rafi ba su gwada ba. Hukumomin binciken ƙasa na waɗannan ƙasashe suna da taswirori da tsofaffin rahotanni, yawancinsu kyauta a intanet. Kogin da ba a taɓa rubuta masa zinare ba, da wuya ka zama na farko.

In ka isa, kada ka dubi kogin yadda yake yau, yana tafiya lami lafiya. Zinare ba ya motsi sai a lokacin ambaliya, sa'ad da ruwa ke mirgina duwatsu. Dubi inda ciyayi da itatuwa suka maƙale a rassan bishiya, nan ne iyakar ruwan, sai ka ƙiyasta a ranka ta ina ƙarfinsa ya bi, a ina kuma ya karye. Duk inda gudu ya ragu farat ɗaya, nan mai nauyi ke zubewa. A kwanar kogi, ruwa yana zaizaye gefen waje, yana jibge kaya a gefen ciki, don haka gefen ciki ake nema, musamman farkon tudun inda manyan duwatsu suka taru. Bayan babban dutse, ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, akwai wurin da ruwa ke juyawa ya lafa. Haka ma inda kogi ya fito daga matsatsi ya buɗe. Manyan duwatsu masu nauyi da baƙin rairayi a wuri ɗaya alama ce mai kyau. Lallausan farin rairayi mai daɗin takawa kuwa, wanda sabon shiga ke rugawa ya ɗiba domin ya fi sauƙin haƙa, shi ne mafi rashin amfani a kogin.

Sannan a tuna zinare ƙasa yake yi. Kowace ambaliya tana girgiza tsakuwar kogi, shi kuma yana ta sauka har sai ya tarar da abin da ya tare shi: shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashin kogi, ko wani kauri na yumɓu mai tauri. Inda dutsen nan ya fito fili, tsagoginsa su ne taska, musamman waɗanda suka gitta hanyar ruwa. Cokali biyar na ƙasar da aka sakato daga gindin tsaga sun fi bokiti biyar na rairayin sama. A kankare har ƙasa, a haɗa da saiwoyin ciyawar da suka tsiro a ciki, domin suna riƙe ƙananan ƙwayoyi. Kada kuma a zauna wuri ɗaya saboda an riga an haƙa rami. Ɗebi tasa ɗaya nan, ƙirga ɗigon da ka gani, matsa gaba taku ashirin, sake ɗiba. Inda ƙirgar ta fi yawa, nan za ka yini.

Ranar farko kusan kowa sai ya ga abin da ya sa gabansa faɗuwa, alhali ba zinare ba ne. Abu biyu ke yaudara. Akwai wani dutse mai ɓawo-ɓawo da ke ƙyalli a rana, amma da ka motsa ruwa sai ya tashi yana yawo, in ka danna shi da farce ya ɓare. Akwai kuma wanda masana ke kira firit, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai launin tagulla da kusurwoyi kamar an yanka. Shi yana da tauri, in an buga shi ya farfashe, in an goga shi a bayan tangaran ya bar baƙin zane. Zinare kuwa laushi gare shi: allura tana shiga jikinsa, guduma tana baje shi ba ta fasa shi, zanensa rawaya ne. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kare tasar da inuwar hannu. Na ƙarya ƙyallinsa yana mutuwa a inuwa, na gaske launinsa yana nan yadda yake.

Duk wannan bayan an sami izini ne. Babu ƙasar da zinarenta ba shi da mai shi, kuma dokar tana sauyawa daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. A Coloma, inda Marshall ya yi tsintuwarsa, wurin ya zama gandun tarihi na jihar Kalifoniya, an ware wani sashe na bakin kogi inda kowa zai iya wanki, amma da hannu da tasa kawai. A wasu filayen gwamnatin tarayyar Amurka kuwa, dokar haƙar ma'adinai ta 1872 ta ba mutane damar yin rajistar fili da sunansu, kuma ɗibar ƙasa a filin da wani ya yi wa rajista sata ce, ko da babu shinge. Jihar Kalifoniya ta dakatar da amfani da injin zuƙo ƙasa daga gindin kogi tun 2009. A jihar Biktoriya ta Ostiraliya ana sayen takardar izini mai arha da ke aiki shekara goma, wadda asalinta ya koma 1855, bayan boren da masu haƙa suka yi a Ballarat a 1854 kan tsadar lasisi. A jihar ce aka tono curin nan mai suna Welcome Stranger a 1869, wanda ya ba da zinare kimanin kilo 70, kuma a can ne wani mutum ya gano curi mai kilo 27 da na'urar gano ƙarfe a 1980. Irin waɗannan labarai ne ke sayar da na'urori, shi ya sa ake yawan maimaita su. Niyu Zilan ta keɓe wasu wurare na jama'a da ba a buƙatar takarda, ciki har da wani sashe na kogin Arrow. A Wanlockhead ta Sikotilan ana sayen izini a gidan tarihin garin, ana kuma koyar da wankin. A Yukon ta Kanada, kusa da Dawson, akwai fili a rafin Bonanza, inda aka fara samun zinaren Klondike a 1896, da aka bar wa baƙi su yi wanki kyauta. Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya nemi ƙungiyar masu wannan sha'awa ta garin da yake, domin sun san inda aka halatta, kuma tsofaffinsu ba sa gajiya da koyarwa.

Ladabin wurin kaɗan ne: ka cike ramin da ka haƙa, kada ka tone gindin gaɓa ko saiwar bishiya, domin gaɓar da aka rarake tana rufta wa mutum. Tsofaffin ramukan haƙa, kada ka ko leƙa su. Ka sa ido kan ruwa, ana iya yin ruwan sama a kan duwatsu kai ba ka ga ko hadari ba, kogi ya cika cikin mintuna. Ka kuma gaya wa wani inda za ka.

Akwai iyakar da mai nishaɗi ba ya ƙetarewa, kuma mu ne muka fi kowa sanin dalili. Wankin rairayin kogi da ruwa ba ya sa guba a jikin kowa. Masifa tana farawa ne daga niƙa dutse da kuma zuba zaiba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega, saboda ana kawo duwatsun zinare masu ɗauke da dalma cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Zaiba kuwa, wadda ake kama ƙananan ƙwayoyi da ita sannan a ƙona, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, abin da ya zube a ruwa kuma ya shiga kifi. Saboda ita aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013. Kogunan Kalifoniya har yau suna ɗauke da zaibar da masu haƙa na ƙarni na 19 suka zubar, don haka in ka ga ƙwaya mai farin launi kamar azurfa a tasarka, ka sa ta a kwalba da ruwa ka rufe, kada ka kai ta kusa da wuta.

Mai karatu da ke gida zai ce, to mu fa? A Najeriya, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, ko da a gonarka yake, kuma nema ko haƙa ba da lasisi ba laifi ne. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. Ban da doka, dazuzzukan da zinaren yake, daga Zamfara zuwa Birnin Gwari, ba wuraren da mutum zai ɗauki iyali yawon shaƙatawa ba ne a halin da ake ciki. Shawarata ga na gida ita ce ya tsaya a baho da ƙwayoyin boris tukuna, in kuma abin ya kama shi da gaske, ya bi ta ofishin ba da lasisin ma'adinai ko ƙungiyar masu haƙa mai rajista kafin ya sa shebur a bakin kowane kogi.